MAKULLIN MOTA AMANA NE A HANNUNKI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana ababen hawa, har tafiyar da kakanninmu ke kwashe makonni suna yi ta koma ta wuni guda. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, wata tambaya ce da aka yi mini ta sa na ajiye darasin da na yi niyyar kawowa a wannan fitowa na ɗauko maganar tuƙin mota. Wata rana bayan mun tashi daga ajin matan aure, sai wata baiwar Allah da ta girme ni nesa ba kusa ba ta tsaya har kowa ya watse. Ta matso kusa, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malama, don Allah azumin nan na wata biyu, ni zan yi ko yaron?"

Na ce, "Hajiya, wane azumi?" Sai hawaye.

Ɗanta ne, ɗan shekara 17, bai daɗe da gama sakandare ba. Ya koyi mota a wurin abokai a filin makaranta, yana iya fito da ita daga gida ya mayar. Ran nan maigidan ya yi tafiya, ga abinci za a kai gidan suna, sai ta ɗauko makulli da hannunta ta miƙa masa, ta ce ai nan da nan ne, ba nisa. Bai ma fita daga unguwa ba, wata yarinya ta fito da gudu daga bayan a-daidaita-sahu da ke tsaye. Ya ruɗe, maimakon birki ya taka totur. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Iyayen yarinyar mutanen kirki ne, suka ce sun yafe, haka Allah Ya ƙaddara. Amma yaron ya daina barci, ita kuma ta ce duk sanda ta rufe ido hannunta take gani yana miƙa makullin.

Ta ba ni izini in ba da labarin ba tare da suna ba, ta ce ko wata za ta tsira. To 'yar uwa, ke nake nufi, ke da makulli ke rataye a ɗakinki, kuma kina da saurayi ko budurwa a gida da ke ta naci.

Abin da shari'a ta ce

Mu fara da amsar tambayarta. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92, Allah (SWT) Ya bayyana hukuncin wanda ya kashe mumini bisa kuskure. Abu biyu ne ke hawa kansa. Na farko diyya, wadda ake miƙa wa iyalan mamaci, sai fa idan sun yafe. Na biyu kaffara, wato 'yanta baiwa ko bawa mumini, wanda bai samu ba kuwa ya yi azumin wata biyu a jere. Waɗanda suka karanta Risala a cikinmu za su tuna cewa cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, kuma a kisan kuskure dangin wanda ya yi kisan ta wajen uba ne ke haɗuwa su biya, a rarraba cikin shekara uku.

A nan mutane da yawa suke kuskure. Yafiyar iyalan mamaci diyya take saukewa, domin ita ce haƙƙinsu. Kaffara haƙƙin Allah ce, ba mai ikon yafe ta. Kuma a wurin mafi yawan malamai, kowane rai da tasa kaffarar. Ki lissafa da kanki, yaron da ya kifar da mota mutum uku suka rasu saboda gangancinsa, azumin wata nawa ke kansa?

Don haka na ce mata azumin yana kan wanda ya riƙe sitiyari, tunda baligi ne, kuma na shawarce ta su je da maigidanta wurin malami masanin fiƙihu ya ji yadda abin ya faru dalla-dalla. Ita kuma abin da ke kanta tuba ne da istigfari, domin ta danƙa amana ga wanda bai kai ba. Hadisin Abdullahi ɗan Umar (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna mana cewa kowannenmu makiyayi ne da za a tambaye shi kiwonsa, kuma an ambaci mace da kanta, cewa ita ce mai kiwon gidan mijinta da 'ya'yansa.

Kada ki ɗauka malaman zamani ba su duba wannan al'amari ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas da ta yi a ƙasar Burunai a shekarar 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin yana cikin ɗa'a ga shugabanni a abin da suka tsara don maslahar jama'a. Ta kuma bayyana cewa direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo, sai dai idan abin ya fi ƙarfinsa ta yadda ba yadda zai yi ya kauce, ko kuma wanda abin ya shafa shi ne ya jawo. Ashe ke nan wuce jar danja, aron hannu, da tuƙi ba lasisi, ba wayo ba ne, saɓo ne.

"Ai ƙaddara ce"

Babu shakka mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma ba ran da zai wuce wa'adinsa. Amma 'yar uwa, ƙaddara abin rarrashin zuciya ce bayan abu ya faru, ba a fakewa da ita a yi sakaci kafin ya faru. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun, ya ɗaure kuma ya yi tawakkali. Suratul Baƙara, aya ta 195, ta hane mu jefa kanmu cikin halaka. Me ya sa ba ma barin jariri kusa da tafasasshen ruwa mu ce in ya ƙone ƙaddara ce? Me ya sa muke kulle ƙofa da daddare?

Kuma abin ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali ba mu ne muka fi yawan motoci ba. Shekarun nan da aka ambata, ai shekarun 'ya'yanmu ne da ƙannenmu.

A gwada kafin a miƙa

Akwai darasi a farkon Suratun Nisa'i, aya ta 5 da ta 6. Maganar dukiya ake yi. An hana danƙa dukiya ga wanda bai san yadda zai sarrafa ta ba, sannan aka yi umarni a riƙa jarraba marayu, kada a miƙa musu dukiyarsu sai abu biyu sun haɗu: balaga, da kuma ganin hankali da natsuwa a tare da su. To idan dukiyar da take tasa ce ma ba a ba shi sai an gwada, ina ga ƙarfen da ya fi tan ɗaya nauyi, wanda zai shiga da shi cikin 'ya'yan mutane?

Dokar ƙasarmu ma a kan wannan take. Ba a ba da lasisin tuƙi sai mutum ya cika shekara 18, ya shiga makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, sannan jami'an VIO su gwada shi. Kafin nan takardar ɗan koyo yake riƙewa, a liƙa jan harafin L a gaba da bayan mota, kuma da ƙwararren direba a gefensa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da wannan tsari. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau nawa ake ba wani kuɗi ya "fito da lasisi" yaro yana kwance a ɗaki? Wani lokaci ma uwa ce ke cire kuɗin daga adashinta. Wannan ha'inci ne, kuma ha'incin da ake biya da jini.

Sannan ko an samu lasisin ta hanyar gaskiya, ki sani lasisi izinin fara koyo ne a kan titi. Sabon direba ya iya juya sitiyari da sa giya, amma bai iya karanta hanya ba. Tsohon direba idan ya ga ƙwallo ta gangaro titi zai ɗaga ƙafa daga totur, don ya san akwai yaro a bayanta. Idan ya ga a-daidaita-sahu ya tsaya, ya san wani zai ɓullo. Wannan ilimin sai da daɗewa ake samunsa, shi ya sa watannin farko suka fi kowane lokaci haɗari. Ga kuma zafin ƙuruciya, da son a ce ya iya.

Lissafin da ya kamata ki sani

Ba sai kin iya mota za ki gane wannan ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan yaro ya sunkuya ya duba saƙo a waya na daƙiƙa uku kacal, ya yi tafiyar sama da mita 80 ido rufe, ya kusa tsawon filin ƙwallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau huɗu. Saboda haka ke ma ki daina kiransa kina "kana ina?" alhali kin san yana kan hanya.

Na biyu, idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin birki ya tsayar da ita ninkuwa take yi sau huɗu. Kuma mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun kilomita 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge a gudun 50 fiye da sau huɗu. Shi ya sa dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. A lungunan unguwa kuwa, inda yara ke wasa da 'yan talla da almajirai, ko 50 ɗin ta yi yawa ƙwarai.

Na uku, bel. Tun 2003 ake tilasta ɗaura shi a Nijeriya, amma har yau wasu sai sun hango jami'ai suke jawo shi. Ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke gaban mota da kusan rabi. Haka hular kwano ga mai babur, domin da yawa daga 'ya'yanmu da babur suke farawa, kuma raunin kai shi ya fi kashe masu babur.

Natsuwa sunna ce

'Yar uwa, addininmu bai bar mu ba ko a nan. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (RA) cewa ranar saukowa daga Arfa, Annabi (SAW) ya ji hayaniya a bayansa, mutane suna tsawa suna dukan raƙuma don su yi sauri. Sai ya yi musu nuni da bulalarsa, ya umarce su da natsuwa, ya sanar da su cewa ba a samun lada da gaggawar tafiya. Dubi fa, ibada ake yi, cunkoso ne irin na Hajji, amma abin da aka nema natsuwa ce. To ina hujjar mai sheƙa gudu don kada a sha ruwa ba ya gida a watan Ramadan? Ya ajiye dabino da ruwa a mota, in an kira salla ya tsaya gefe ya buɗe baki.

Haka kuma Anas (RA) ya ba da labarin Anjasha, wani yaro mai daɗin murya da ke kora raƙuman da mata ke kai. Waƙarsa na sa raƙuma sauri, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sassauta, ya kamanta matan da kayan gilashi masu saurin fashewa. Ki karanta wa ɗanki wannan hadisi ranar da zai fara ɗaukar ƙannensa zuwa makaranta. Hadisin Abu Sa'idil Khudri (RA) kuma ya lissafa haƙƙoƙin hanya, a ciki har da kame cuta daga mutane. Wanda ya firgita tsohuwa da hon, ko ya watsa wa masu tafiya ruwan kwata, bai ba hanya haƙƙinta ba.

Ranar kai amarya

Yanzu bari in taɓo inda laifin ya fi zama namu. Wa ke shirya kai amarya? Mu ne. Mu ke ɓata lokaci wurin kwalliya da hotuna har dare ya raba, sannan a ce abokan ango su kawo motoci. Su wane ne abokan angon? Samari, wasu aron motar suka yi, wasu ranar ce ta farko da za su yi tuƙin dare. A cusa mata bakwai a motar mutum biyar, da goyo da yara a cinya. Sai a hau titi ana tsere, ana wasa da mota, kowa na so ya riga kowa, 'yan mata na ihu suna ɗauka a waya. Gidaje nawa muka sani da aka kwana ana guɗa aka tashi ana zaman makoki?

Wallahi muna da ikon gyara wannan. Uwar amarya da uwar ango su yi magana ɗaya: a kai amarya da wuri, motoci kaɗan, kowace mota babban mutum ne zai ja, kuma duk wanda ya fara wasa da mota a tsaya a sauka. In kin shiga mota kika ga direba na ganganci, ki buɗe baki ki ce, "Ɗan nan, ka rage gudu ko ka sauke ni." Kunya ba ta hana faɗar gaskiya. Haka ranar Salla, da ranar da yara suka gama jarrabawar ƙarshe, ranaku ne da makulli ya kamata ya kwana a jakarki.

Dokokin gida

A wasu ƙasashe, irin su Niyu Zilan da ta fara tun 1987, ba a sakar wa sabon direba hanya gaba ɗaya. Mataki-mataki ake bi, a hana shi tuƙin dare da ɗaukar abokai sai ya daɗe. Ba abin da zai hana ki kafa irin wannan a gidanki, ku zauna da maigida ku yi shawara, ku tsaya a kan magana ɗaya:

1. Ba lasisi, ba makulli, ko da aiken nan da bakin titi ne.

2. A watannin farko, ba ya fita sai da babba a gefensa. A fara da unguwa, sannan cikin gari, tafiyar gari zuwa gari ta zo daga ƙarshe.

3. Ba tuƙin dare, ba kwasar abokai. Yaron da ke tuƙi lafiya lau shi kaɗai, da zarar abokai sun cika mota sai ya zama wani mutum daban.

4. Waya a aljihu, bel a ƙirji, shi da duk wanda ya ɗauka.

5. Ba ya tuƙi yana jin barci, ko cikin fushi, ko bayan shan maganin mura mai sa gyangyaɗi. Ki kuma sa ido a kan abokansa da idanunsa, domin ƙwaya da kayan maye sun shiga gidajen da ba a zato.

6. Ya koyi duba mota kafin ya tayar: birki, fitilu, ruwa, da taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi.

7. Lokacin hazo da ruwan sama a rage gudu, a kunna fitila, a bar tazara.

8. Ya adana lambar 122 a wayarsa, lambar gaggawa ce ta hukumar kiyaye haɗurra. Idan tsautsayi ya faru, a nemi ceton rai tukuna, a kuma kai rahoto ga hukuma.

Sannan 'yar uwa, kada ki zama mai rufa asirin ɓarna. Yaro ya saci mota da daddare, ya dawo da ita a lotse, ki kira mai gyara a ɓoye "kada Abbansu ya ji". Wannan ba so ba ne. Hausawa sun ce ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Zai yi fushi, zai ce, "Umma, kowa a ajinmu yana jan mota sai ni." Ki bar shi ya yi fushin, fushin kwana biyu ne. Kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kanmu fa?

Da yawa a cikinmu sababbin direbobi ne, maigida ya saya mana mota mun koya a sati biyu mun hau titi da yara. Duk abin da na faɗa ya hau kanmu. Ki je makarantar tuƙi, ki nemi lasisinki ta hanyar da ta dace. Ki gyara hijabinki yadda ba zai tare miki ganin gefe ba, ki tattare shi kada ƙofa ta kama. In a babur aka ɗauke ki, ki naɗe shi da kyau kada ya shiga taya. Ki guji tuƙi da takalmi mai tsini ko silifas mai zamewa. Kada ki ɗora jariri a cinya kina tuƙi, kada ki zaunar da ƙaramin yaro a gaba, wurin yara kujerar baya ne. Kafin ki yi baya da mota a cikin gida, ki ƙirga yaranki ki ga kowa da idonki. Kuma ki tuna, yaron da ya tashi yana ganin uwarsa na waya tana tuƙi, ba wa'azin da zai hana shi.

Ki koya musu addu'ar fita daga gida, da addu'ar hawa abin hawa wadda asalinta ke cikin Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da ta 14. Ki lura da yadda ta ƙare da tuna mana cewa ga Ubangijinmu za mu koma. Wanda ya karanta ta da fahimta kafin ya murɗa makulli, da wuya ya yi wasa da ransa ko na wani.

Baiwar Allahn nan har yanzu tana zuwa aji. Ɗanta ya yi azuminsa, ita ma ta riƙa tashi tana yi masa sahur har ya gama. Ta ce mini duk ranar da ta wuce ƙofar gidan su yarinyar, sai ta ji ƙafarta ta yi nauyi. Ku sa su a addu'a, su da iyayen marigayiyar.

Ya Allah Ka tsare mana zuri'armu, Ka tsare mutane daga cutarwarsu, kada Ka sanya ajalin wani a hannunmu ko a hannun 'ya'yanmu. Ka jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, Ka ba marasa lafiya sauƙi, Ka ba mu ikon riƙe amana. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mini.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.